Yanar da Ba Ta Nuna Ba

Kawuna direban bas ɗin makaranta ne, ko in ce da can shi ne. Shekara ashirin da 'yan kai yana kwasar yara da safe ya mayar da su gida da rana, bai taɓa ko gogar jikin wata mota ba. Sauran direbobi suka laƙaba masa Sannu-Sannu, wai ko mai keke yana iya wuce shi ya waiwayo ya gaishe shi. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce 'ya'yan mutane ya ɗauko, ba buhunan siminti ba.

Abin ya faro ne da gilashin gaban mota. Kullum sai ya ce gilashin ya yi datti, ya wanke, ya goge, ya sake wankewa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta fara gane ba gilashin ba ne, ranar da ta ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi.

Ni na raka shi asibiti. Likitar ta haska idanunsa, ta sa shi karanta haruffan allon da ke jikin bango, sannan ta ce, "Baba, yanar ido ce, a duka idanun. Aikin ba shi da wuya, a yi maka da safe ka kwana a gidanka."

Kawu ya zaro katin inshorar lafiyarsa yana murmushi. Tun da ya kama aiki ake cirar masa a albashi, shi kuwa in ban da zazzaɓi bai taɓa neman komai ba. Likitar ta ce sai kamfanin inshora ya amince tukuna.

Kamfanin bai amince ba. Muka je ofishinsu, muka zauna a kujerun roba har aka kira mu gaban wani ma'aikaci da ke bayan gilashi. Mutum ne mai ladabi, ban ga laifinsa ba.

"Baba, a ƙa'idarmu sai gani ya ragu zuwa wani mataki kafin mu biya kuɗin tiyata. Kai har yanzu kana karanta layukan tsakiya. Yanar ba ta nuna ba."

"Ɗana, allon nan a tsaye yake wuri guda, kuma ba rana a bayansa," in ji Kawu. "Ni a titi nake aiki."

"Na fahimta, Baba."

"To sai na makance za ku gyara ni?"

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai ya ce mu dawo bayan wata shida a sake gwaji.

A gida Inna ta ce, "Malam, in an koma ka ce ba ka ganin komai mana. Wa zai shiga idonka ya duba?"

Kawu ya ce sakamakon gwajin yana zuwa makaranta, in ya ce ba ya gani a ranar za a karɓe makullin mota. Ban da haka ma, bai iya ƙarya ba, in ya fara sai muryarsa ta riƙa rawa. Ya ci gaba da tuƙi, yana ƙara rage gudu, yana kare rana da tafin hannu.

Wata safiya ya sauke yara a bakin makaranta, rana na dukan gilashi. Wata 'yar ƙaramin aji ta sunkuya a gaban bas tana gyara takalminta. Bai gan ta ba. Ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ta fara gangarawa, sai ihun wata malama ya sa ya taka. Ko ƙwarzane yarinyar ba ta yi ba. Kawu ya kashe mota, sannan ya sauko ya kai wa shugabar makaranta makullin da kansa.

Matar ta tausaya masa, ta nemo masa aikin gadin ƙofa. Sai dai masu gadin ba ma'aikatan makaranta ba ne, wani kamfani ne ke kawo su, inshorarsu ma daban take. Lokacin da ganin Kawu ya kai matakin da ake nema, har ba ya gane fuskata sai na yi magana, muka je sabon ofishin. Wata mata ta duba takardunsa ta ce tabbas ya cancanci aikin, amma ciwon da mutum ya shigo da shi ba a biya sai ya cika shekara a wurinsu.

Na ɗaga murya, na faɗi maganganu. Kawu ya ja mayafina ya ce, "Rabu da ita, 'yar nan. Ba ita ta rubuta ba."

Mun yi ƙoƙarin haɗa kuɗin a dangi, bai kai ba. Inna ta ce za ta sayar da keken ɗinkinta, Kawu ya hana, don a lokacin keken ke riƙe da gidan. Haka ya ci shekarar nan a kan bencin gadi, yana gane motoci da ƙarar injinsu. In sabon direban ya shigo da bas ɗin a guje, sai Kawu ya runtse ido kamar shi aka taka.

A ƙarshe an yi masa aikin, ido na dama kaɗai, don ido ɗaya suke biya a shekara. Da aka cire bandejin ya kalli Inna ya ce, "Ke kuma yaushe kika yi wannan furfurar?" Muka yi dariya, ita kuwa ta fita waje ta yi kuka.

Lasisinsa ya riga ya mutu, kuma ba a sabunta na ɗaukar yara da ido ɗaya. Makaranta ma ta ce shekarunsa sun ja. A watan jiya lokacin ido na hagu ya yi, na je gidan da sassafe don in raka shi. Na same shi ya sa kayan gadi yana ɗaura takalmi.

"Kawu, yau fa za mu je ofishin."

"Kin sha wahala, Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Amma ni na gama zama a kujerun nan. Ɗaya ya ishe ni buɗe ƙofa."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Inna ta dube ni, ta girgiza kai, ta koma kan kekenta.