Likkafanin Shekara

A Matameye, tun Nasara bai shigo ƙasar Damagaram ba, an yi wata mata ana ce mata Shekara. Gidansu na bayan kasuwa, kusa da wani tsohon rimi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa da kaurin murya, ba ta iya doguwar gaisuwa ba. In ka shiga gidan za ka tarar da ita zaune a gindin rumbu, ƙafa a miƙe, mazari na juyawa cikin ɗan ƙoƙo, yatsunta fari fat da alli. Za ta amsa sallamarka, amma zaren take kallo.

Burinta ɗaya ne a duniya, kuma duk unguwa an san shi: a binne ta cikin likkafanin da ta kaɗa zarensa da hannunta. Tana budurwa uwarta ta rasu a Kurni cikin shekarar yunwa, aka rasa farin ƙyalle a gidan. Gawa na kwance, rana na ɗagawa, maza na bin gida-gida suna roƙon abin da za a haɗa. Shekara ta ga wannan da idonta, ta ce ita kam ba za a zaga maƙwabta a kanta ba.

Da 'ya'yanta suka tasa sai ta kama aikin. Ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa siririn zare da abawa mai kauri, ta kai wa Isufu masaƙi. Isufu ɗan kawunta ne, taubashinta, don haka ba a rabuwa da tsiya.

"Yaushe ne tafiyar?" in ji shi, yana jan zaren yana gwada ƙarfinsa. "Ki faɗa mini in san ko in yi sauri."

"Kai dai saƙa. In ka riga ni ba zan ara maka ba."

"Wa zai ari naki? Gajeruwa irinki, ai ƙafafuna a waje za su kwana."

Ya saƙa mata fari mai kyau. Ta naɗe shi, ta sa a tukunya tare da saiwar jema don ƙamshi, ta ɗora tukunyar kan duwatsu saboda gara. Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda zai tuna da ita yau.

Matsalar Shekara ido ne. Ba ta iya ganin abu ya yage ta wuce. A lokacin allura aikin maza ce, su ke zama ƙofar gida suna ɗinkin riguna, amma ita ta koya a hannun ubanta, kuma ba ta nemi izinin kowa ba. Ranar da matacin kokonta ya huje, ta duba ɗaki ba ƙyalle mai kyau sai na tukunya. Ta ce ɗan tafin hannu ne, ba zai rage komai ba. Ta sa aska ta yanka, ta kalmashe bakin ta ɗinke.

Daga nan hanya ta buɗe. Sa'a, matar ɗanta Manu, ta haihu, majanyin da aka kawo daga gidansu ya zo sako-sako, in an ɗaure sai ya zame. Shekara ta dube shi ta yi tsaki, ta shiga ɗaki. Washegari jariri na baya cikin sabon majanyi mai ninki biyu. 'Yar maƙwabta ta ƙone a hannu, aka nemi abin naɗewa mai tsabta. Wani tsoho makaho a unguwar hularsa ta mutu, rana na dukan ƙwaryar kansa. Da sanyi ya shigo ta tara tsummoki ta jera su, ta shimfiɗa audugar rimi a tsakani, ta bi da allura layi-layi don kada audugar ta taru gefe guda, ta yi wa jikokinta ɗan bargo. To bargon tsumma yana son fuska mai ƙarfi, fuskar kuwa an san inda za ta fito. Kowane yanka sai ta ce, "Wannan ne na ƙarshe." Bayan kaka kuma a gan ta a rumfar Isufu da sabon zare.

"Ke wai mutum nawa ne za su mutu a jikinki?" in ji Isufu. "Na saƙa miki abin da zai naɗe Matameye har da Dungu."

"Bakinka ya fi hannunka sauri. Karɓi."

Wanda ya fi kowa cin likkafanin nan shi ne mijinta, Illa. Ɗan fatauci ne mai jaki ɗaya, yana bin ayari da kanwa zuwa Daura, wani lokaci har Kano. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya rowa, sai dai duk aikinsa a baki yake ƙarewa. Dangar gidan ya yi shekaru yana gyara ta da baki. Jakinsa kuma kullum da miki a baya, don akumarin, wato matashin da ake ɗora wa jaki kafin a aza kaya, ya daɗe da lotsewa.

"Shekara," ya ce da ita wata safiya, "dubi bayan bawan Allahn nan."

"Na gani, Maigida. Shi ya ce ka yi masa magana?"

"Ɗan ƙyalle kaɗan. In na je Kano, wallahi zan sayo mana likkafani ni da ke, irin na Kanawa, mai laushi kamar man shanu."

"Bara ma ka sayo. Yana ina?"

"Bara ayari ya yi sauri."

Ta harare shi, ta dubi jakin, ƙudaje na bin mikin. Jakin ne ya ci nasara. Ta farke tsohon akumarin, ta cusa sabuwar audugar rimi, ta bar ɗan rami daidai wurin ciwon don kada kaya su taɓa shi, ta rufe da farinta, ta bi shi da ɗinki mai ƙarfi. Illa ya tafi Kano ya dawo da goro da labarin wata giwa da wani ya ce ya gani. Likkafani kuwa an ce masa sai wani zuwan.

Haka aka yi ta yi har tsufa ya zo. Bai taɓa bakinta ba, yatsun ya kama. Da safe sai sun sha ɗumin murhu kafin su lanƙwashe, mazari ya fara kuɓuce mata. Shekara ba ta yaudarar kanta. Ta san abin da ya rage a hannun bai wuce likkafani ɗaya ba. Ta lallaɓa ta kaɗa shi a hankali, rani da damina, ta kai wa Isufu. A karon nan bai yi tsiya ba, ya saƙa ya aiko. Ta sa a tukunya, ta kwaɓa laka ta yaɓe bakin, ta fito tsakar gida ta yi shela.

"Kowa ya ji. Ko Matameye za ta yi yawo tsirara, tukunyar nan ba ta buɗuwa sai ranar wankana."

Ta kuwa riƙe maganarta, duk da ta sha wuya. Wata maƙwabciya ta shigo da goyo cikin majanyi duk huji, Shekara ta juya mata baya ta yi ta kallon rumbu har matar ta fita. Ranar ko tuwo ba ta ci da daɗi ba.

Bayan an gama yankan gero, wata safiya Illa ya zauna bakin ƙofa yana gaya wa Manu yadda za su gyara danga. Ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bango, shi ke nan. Ko jinya bai ba kowa wahalar yi ba.

Gida ya cika. Shekara na zaune a ɗaki, mata kewaye da ita, sai ta jiyo muryar liman daga zaure yana tambayar likkafani. Illa kuwa bai tanadi nasa ba. Ranar ba kasuwa, Isufu kuma ba shi da fari a ƙasa. Can ta ji ɗanta yana cewa, "Bari a zaga maƙwabta."

Ta miƙe. Sa'a ta riƙo zanenta. "Inna, ina za ki?"

"Sake ni. Ba za a zaga ba."

Ta ɗauki muciya ta buge lakar bakin tukunya, ƙamshin jema ya cika ɗakin. Ta zaro naɗin ta miƙa wa Sa'a. "Kai musu. Mutumin nan, ko da ya mutu sai da ya sa ni aiki." Sai a nan hawayen suka zo, ta share su da gefen mayafi ta koma ta zauna.

Na namiji bai kai na mace cin ƙyalle ba, don haka an dawo mata da saura, amma abin da ba zai rufe ko rabinta ba. Cikin takaba ta ɗauko mazari ta gwada. Ta murza, ya faɗi. Ta sake, zaren ya tsinke. Ta ajiye shi bayan randa.

Masu ta'aziyya sun yi maganganu masu daɗi. Wannan ta ce, "Inna, likkafaninki a wuyana yake." Waccan ta ce mijinta zai sayo a Kance. Yawancinsu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sa'a ita ba ta yi alkawarin komai ba. Wata rana da hantsi dai ta fito da kwandon auduga ta zauna a gindin rumbu, daidai inda surukarta ke zama, ta fara kaɗi. Kaɗin Sa'a kuwa abin tausayi ne. Shekara ta leƙo daga ɗaki, ta daure, ta daure, ta kasa.

"Wannan zare ne ko igiyar ɗaure akuya?"

"Iyakar iyawata ke nan, Inna."

"Taɓa alli! Saki audugar a hankali, ba wuyan kaza kike murɗewa ba. Na mene ne ma?"

"Na tukunya."

Shekara ta jawo tabarma ta zauna kusa da ita, ta ɗauki bakan shiɓa, don wannan kam yatsun suna iyawa. Washegari uwar yarinyar da ta ƙone ta shigo da nata mazarin. Bayanta sai mai majanyin huji, wadda aka juya wa baya, ita ma ta nemi wuri ta zauna. Ba su da yawa, amma suna zuwa. Shekara na shiɓa tana miƙa musu tana faɗa, wannan ya yi kauri, wancan ya yi ƙulli, ita ba za ta mutu cikin irin wannan zare ba sai sun gyara hannu. Suka yi ta dariya suna kaɗi.

Da aka kai wa Isufu, ya juya ƙullin zaren ya ce, "Wannan hannun gari guda ne. Wani wuri siriri, wani wuri kamar hanjin rago."

"Audugar duk ta bi ta hannuna," in ji Shekara. "Saƙa, tsoho, kafin idonka ya ƙarasa mutuwa."

Farin ya fito da tudu da kwari. Ta shafa shi daga farko har ƙarshe, ta ce ba laifi, wanda a bakinta babban yabo ne. Tana sa shi a tukunya Sa'a ta sunkuya ta ɗauke tukunyar ta kai nata ɗakin, ta dawo ta ɗauke askar ma.

"Ke, ni za ki yi wa haka a gidana?"

"Ke fa, Inna."

Shekara ta ƙara shekaru masu dama tana faɗa da kaɗin matan unguwa, har hannunsu ya gyaru. Ta rasu da damina, ranar wata Laraba. Ba a zaga gidan kowa ba. Da Sa'a ta warware likkafanin sai ta ga an yanke wani ɗan gefe, kamar tafin hannu, an kalmashe bakin da ɗinki karkatacce irin na yatsun da suka tsufa. Ba wanda ya san yaushe ta shiga ɗakin, ko wa ta yanka wa. Sauran dai ya rufe ta har ƙafa.