Tatsuniyar da Kakata Ta Ƙarasa da Rana

Kakata ta wajen uba ba ta yarda a yi tatsuniya da rana ba. A garinmu Gulma kowace tsohuwa ta san duk wanda ya yi haka zai ɓace, amma ita ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Sai an yi magariba, an ci tuwo, sannan take shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta.

Tana da wata doguwar tatsuniya da ta zama tawa ni kaɗai, ta ɗan masunci wanda ruwa ya tafi da gorarsa ta su, ya bi gaɓar gulbi yana nemanta. Kullum sai ya isa wani sabon gari: garin da kwaɗi ke yin alƙalanci, garin da albasa ke kuka in an yanka mutum. Duk lokacin da ya kusa kama gorar, sai Kaka ta yi hamma ta ce sai gobe. Na yi magiya, na yi fushi, har na taɓa ƙin cin tuwo. Ita kuwa ko a jikinta.

"Maigidana, gaggawar mi kaka yi?" in ji ta, don haka take kirana da wasa. "In na ƙare maka ita, mi za ya maido ka wurina?"

Ina aji uku malaminmu ya ba ni aron wani ƙaramin littafin labarai mai hotuna. Na dawo da shi gida da azahar ina ta ɗoki. Na tarar da Kaka tana shanya shinkafar da ta turara, na zauna a inuwar rumbu na fara karanta mata da ƙarfi. Ban kai ƙarshen shafi ba ta fizge shi.

"Gatana da rana tsaka? Wa ya aike ka?"

Na ce ai a makaranta da hantsi ma muke karantawa, mu duka. Ta riƙe baki, ta ce lallai malamin nan so yake ya ɓatar da 'ya'yan mutane gaba ɗaya. Ta kifa ƙwarya a kan littafin, ta ɗora dutse. Daga ranar, da na shigo gida littafi zai shiga kurkuku, ba a sakinsa sai rana ta faɗi. Da aka sake shi na karanta mata a hasken aci-balbal, ta saurara da kyau, sannan ta taɓe baki. Ta ce labarin ba laifi, sai dai ba shi da waƙa, kuma jiya da yau maganarsa ɗaya, bai san yaron da ke gabansa ba.

Daga baya, da na zama malamin makaranta, na karanta cewa a Turai ma an daɗe yara ba su da littafin kansu. Abin da aka fara ba su ɗan katako ne mai mariƙi, an manna masa haruffa da addu'a, kusan irin allonmu. Labarai kuwa a bakin tsofaffi suke, kafin 'yan koli su fara yawo da ƙananan littattafai masu araha ƙauye ƙauye. Da na karanta haka dariya ta kama ni, na ce ko shakka babu a can ma an sami wata tsohuwa da ta kifa wa littafi ƙwarya.

Ranar da zan tafi makarantar kwana a Birnin Kebbi, motar Argungu da safe za ta tashi. Na durƙusa gabanta na ce yau kam ta gaya mini ko yaron ya kama gorarsa. Ta ƙi. Ta ce ba ta yin gatana da rana, balle a ranar tafiya, in dawo in ji. Na dawo hutu sau da yawa, amma na riga na zama saurayi, wurin zamana ya koma ƙofar gida cikin maza. Ƙannena suka gaji tabarmar, su kuma wasu labaran take ba su. Na tambaye su, ba wanda ya taɓa jin na ɗan masunci.

Ina da 'ya'ya uku, ina zaune a Gwadangaji kusa da Birnin Kebbi, aka kawo Kaka asibiti a Birni. Ɗakin mata ne, maza ba sa shiga sai lokacin dubiya, kafin la'asar. Na same ta ta rame ƙwarai, amma idon nan nata yana nan. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, ina da bashinka."

Na gane nufinta. Na nuna mata taga na ce, "Kaka, rana fa ba ta faɗi ba."

"Mai faɗi shi ka ɓacewa, ba mai ji ba," in ji ta. "Ni ko na san inda za ni. Matso."

Ta jawo mayafinta baƙi ta lulluɓe kanta da nawa. Ga ni ƙato da gemu, kaina a cikin mayafin tsohuwa, ina jin matan gadon kusa suna dariya ƙasa-ƙasa. Ciki duhu ne, da ƙamshin man kaɗe da na sani tun ina yaro. Ta ce to, dare ya yi. Ta rera waƙar da ɗan masunci ke yi wa gorarsa da muryar da ta kusa ƙarewa, sannan ta ce yaron ya yi ta tafiya har ya yi furfura, bai san gulbin zagayawa yake yi ba. Wata rana ya hango gorarsa ta maƙale a wata mashaya. Da ya duba da kyau, ashe ta garinsu ce, ga uwarsa zaune a bakin ruwa da tuwonsa a rufe, bai huce ba.

Na yi kuka a cikin mayafin nan, ban ji kunyar kowa ba. Kwana kaɗan bayan haka ta rasu.

Yanzu jikokina kan zo ranar Asabar da hantsi, kowa da wayar uwarsa a hannu, kafin magariba an kwashe su. In suka ce in yi musu tatsuniya, sai in aika a ɗauko mini babban bargo. Ƙaramarsu ta taɓa tambayata yaushe ɗan masunci zai kama gorarsa. Na yi hamma na ce mata sai wani satin.