Jirgin da Ba Ya Yoyo Ran Asabar da Lahadi

Cikin duk abin da na gani a sana'ar nan, ranar da Deje ya kira ni ya ce jirginsa na shan ruwa ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo kasuwa yanzu da motoci kawai kuka san ni, amma ku saurara, don labarin ya shafi kowane irin kaya da mutum zai sayar da sunansa a kai.

A shekarun da hanyar Kwatano take buɗe, nakan sauka can in ɗauko motocin da Turawa suka gaji da su in kawo Yamai. A wata tafiya na tarar da jirgin ruwa a tsakiyar motoci, fari fat, irin na shaƙatawa. Yana da inji, da ɗan falo, da tankin ruwan wanka, da makewayi, da ƙaramin ɗakin kwana a can goshi. Na ɗauki hotonsa na aika wa Deje. Deje shi ne babban darakta, haka ƴan buro, wato ma'aikatan ofis, ke taƙaita muƙamin a Faransanci, kuma ba zan faɗi ma'aikatarsa ba. Ya daɗe yana sayen motoci a hannuna. Bai tambaye ni ƙarfin inji ba, ya ce in taho da shi.

Muka sauke jirgin da bazara a garkarsa, wato lambunsa na unguwar Gamkalle, bakin kogin Isa, muka ɗaure shi a wani turken ƙarfe. Mai kula da garkar wani dattijo ne Bazabarme, Hamani, shi aka bar wa tsaron jirgin. Na gwada injin, na duba ƙasan, komai lafiya. Ban sake jin komai ba sai da damina ta yi tsakiya, cikin watan Agusta, sai ga kiran Deje.

"Alhaji Mamman, ni za ka sayar wa rariya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace rariya?"

"Kullum sai Hamani ya kwashe ruwa da ƙwarya. Ka zo ka gyara, in ba haka ba in sa a ɗora shi a kan babbar mota a jibge maka a ƙofar wurin motocinka, kowa ya gani."

Ba dawo da kaya ne ya tsorata ni ba, duk ɗan kasuwa an taɓa dawo masa da kaya. Abin da ya dame ni shi ne kafin ya kira ni ya riga ya ba da labarin a wajen wani bikin suna, a gaban manyan da su ne masu sayen motocina. Kafin mako ya zagayo wani ya zo duba mota, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ita ma da ƙwarya ake ba da ita?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na san inda irin wannan dariya take kai mutum. Dillali ba shi da gona, ba shi da fansho. Sunansa ke nan, in ya huje shi ke nan.

Da na isa garkar na tarar ba ni ne na farko ba. Wani mai sassaƙa kwalekwale ya zo ya ce a kife jirgin a cusa tsumma a shafe da kwalta, kamar yadda yake yi wa nasa. Wani ya ce mutanen ruwa ne ba a gaisa da su ba, aka yanka farin rago, ma'aikatan garka suka yi kwanaki suna godiya. Daga buro kuma an turo kwamiti, mutane masu kwat da takalma masu sheƙi. Hamani ya ce sun tsaya a kan tudu sun kalli jirgin, sun ci soyayyen kifi, sun amince baki ɗaya cewa lalle akwai ruwa, kuma ya kamata a sake zama.

Ni ban san jirgi ba, amma na san yoyo, don na sha fama da shi a mota. Ka'idarsa ɗaya ce: kafin ka nemi ƙofar da ɓarawo ya bi, ka fara sanin wane ne ɓarawon. A jirgi irin wannan, in ka ɗaga katakon da ake takawa, akwai kwari a ƙasa inda duk ruwan da ya shigo yake taruwa. Na ɗaga na ga ruwa kwance. Na kira wanda ya sayar mini a Kwatano, ya ce in ɗanɗana, in da gishiri to daga teku yake shigowa. Na ce masa, "Malam, tekun da ya fi kusa da mu shi ne wanda kake kallo yanzu."

Amma ya ba ni dabara bai sani ba. Mu namu kogin ba ya magana da gishiri, da launi yake magana. Duk wanda ya zauna Yamai ya san da damina Isa ja yake, kamar an dama jar ƙasa. Na ɗebi na kogi a kofi, na ɗebi na cikin jirgi a wani kofin, na jera. Na jirgi garau, kamar na leda. Duk da haka na share wurin da sandar farfela take fita ta ƙasan jirgin da busasshen ƙyalle, na jira, ko digo babu. To, ba kogi ba ne. Ragon ya tafi a banza.

Saura ruwa biyu, na tanki da na sama. Na aika aka sayo bula, shuɗin nan da mata ke sa wa farin kaya, na zuba a tankin. In tanki ko tiyonsa ne ke zuba, ruwan kwarin zai yi shuɗi. Washegari ruwa ya taru, fari tas. Sai na koma kan ruwan sama. Na barbaɗa hoda a ƙarƙashin tagogi ta ciki, na sa Hamani ya riƙe tiyon ban ruwa yana fesawa ta waje, daga ƙasa yana hawa a hankali. Kada ku taɓa farawa daga sama, don ruwa zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ba za ku san inda ya shiga ba. A taga ɗaya hodar ta nuna sawu. Robar da ta riƙe gilashin ta tsage, don an yi ta ne domin ranar Turai, ta zo ta haɗu da tamu. Na cire ta, na goge wurin, na sa sabuwa na bi da mastik, danƙon toshe kafa. Na kira Deje na ce masa an gama.

Ranar Talata ya kira ni. Sama ko gajimare babu tun da na tafi, ga Hamani kuma da ƙwaryarsa.

Wuri ɗaya ne ban shiga ba, ɗakin kwanan nan na goshi. A kulle yake. Na nemi makulli, Deje ya ce akwai dosiyen gwamnati a ciki, kuma takarda ba ta fitar da ruwa, in nemi laifina a inda yake. Na koma garka na zauna kan tushen mangwaro, na rasa ta inda zan ɓullo. Hamani ya kawo mini shayi.

Na ce, "Fofo, sannu Baba. Kai ma jirgin nan ya wahalar da kai."

"A'a, Alhaji, yana da adalci. Asabar da Lahadi ba ya sa ni aiki."

Na ajiye kofin. "Kamar yaya?"

"Bushe yake wuni. Ranar bikin ƴancin kai ma bai zubar ba. Ni dai ina ganin jirgin nan ma'aikacin gwamnati ne."

"Baba, wa ke zuwa nan ranakun aiki?"

Ya ɗaga kai yana nazarin ganyen mangwaro. "Ba kowa. Patron Deje ya ce ba kowa."

Sai na tuna duk zuwan da nake yi da safe ne, don Deje ya ce bayan azahar ana rufe garka. Washegari ban bi ta ƙofa ba. Na tsallaka kogi zuwa unguwar Kirkisoy na ɗauki hayar kwalekwale, muka gangaro ta ruwa bayan azahar. Tun daga nesa na hango baƙar mota a bayan itatuwa. Ga wayar lantarki an jawo daga garka zuwa jirgi, ga wani ƙaton tiyo ya leƙo ta murfin saman ɗakin goshi yana huro iska mai zafi. Daga cikin kwalekwalen na kira buro. Sakatariya ta ce Deje yana reniyo, wato taro, da baƙi daga ƙasashen waje, ba a shiga.

Na hau na ƙwanƙwasa. Aka daɗe, sannan ƙofa ta buɗe, sanyi ya bugi fuskata. Ga Deje da singileti, shatin matashi a kumatunsa. Dosiye kam akwai guda, an ɗora ta a kan taga don tare rana. A gefen gado kuma ga klim, na'urar sanyaya ɗaki irin mai ƙafafun nan da ake turawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, na katse reniyo."

Ya matsa gefe, na shiga. Na durƙusa na bi siririn tiyon da ke bayan na'urar da hannu. An cusa shi ƙarƙashin katako. Na ɗaga katakon, muka tsaya mu biyu muna kallon ruwa yana ɗiga, garau, mai sanyi. Na yi masa bayani cewa klim tana tatsar laimar da ke cikin iska ne ta mai da ita ruwa. Da bazara iska a bushe take, shi ya sa ba a ga komai ba. Da damina kuwa, ga shi a kan kogi, sai ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo.

"Wa ya sa tiyon a nan?"

"Mai gyaran klim na buro. Ya so ya huda jikin jirgin ya fitar da shi waje, na hana."

"Saboda me?"

"Kada jirgin ya yi yoyo."

Na kalli ƙasa, don akwai dariyar da in ka yi ta ka yi asarar mai saye har abada. Ya zauna bakin gado ya shafa kai. Ya ce, "Alhaji, kai ba ka sani ba. Tun da safe layi ne a ƙofar buro, wannan ɗan ƙanen abokin babana ne, wancan mun yi karatu a lakwal ɗaya, kowa da takardar neman aiki. In na je gida suna nan a zaure sun riga ni. A duk Yamai nan ne kaɗai ba wanda ya san hanya." Sai ya ɗago. "Me za ka gaya wa mutane?"

Nan ne ciniki ya fara, kuma ku lura da kyau. Da na fita na ba da labarin, da na wanke sunana a wuni ɗaya, kasuwa ta yi dariyar shekara. Amma babu babban mutumin da zai sake barin in leƙa cikin motarsa, don kowannensu yana da nasa ɗakin goshin. Na ce, "Zan ce robar taga ce rana ta cinye, kuma ba ƙarya na yi ba. Kai kuma bakin da ya ce rariya, shi zai ce ba rariya ba, a gaban mutanen da suka ji na farko. Kuma ba a kan tudu ba, a tsakiyar kogi."

"Alhaji, ban iya iyo ba."

"Jirgin ya iya."

Gyaran bai ɗauki komai ba. Na huda ɗan rami a gefen jirgin, sama sosai da inda ruwan kogi yake tsayawa, na sa bakin roba na ɗaure na bi da mastik, na zura tiyon ya riƙa zuba waje. Na kuma sa ɗan famfo a kwarin, mai tashi da kansa in ruwa ya taru, don Hamani ya huta.

Ranar Lahadi Deje ya gayyato manyan. Ya sa rigar iyo a kan babbar riga, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu tun daga turke har muka hango gada muka juyo. A tsakiyar kogi na ɗaga katako, kowa ya leƙa, ƙura ce kawai. Deje ya yi jawabi. Ya ce kayan Alhaji Mamman ba su da na biyu, kuma shi da kansa ya jagoranci binciken da ya gano matsalar, tare da kwamitin da ya kafa. Aka tafa wa kwamiti. Ni ma na tafa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. In an dawo muku da kaya an ce ya lalace, kada ku yi rantsuwa, kada ku yi faɗa. Ku tambayi inda yake yi, amma ku fi tambayar yaushe yake yi, don sau da yawa ciwon ba a jikin kayan yake ba, a jikin mai kayan yake. In kun gano, ku gyara, ku karɓi abin da ya fi muku amfani, ku rufe baki. Gano rami aikin hoda ne da tiyo. Sanin wanda za a gaya wa, shi ne sana'ar.

Ban taɓa faɗa wa kowa a lokacin ba, amma manya suna da hanyar jin abin da ya shafe su. Kafin damina ta gaba wasu daraktoci suka fara kirana a asirce, kowa na so in samo masa jirgi. Ko ɗaya bai tambayi inji ba. Tambayarsu ita ce ko ɗakin yana kulluwa ta ciki.