Babban Ƙahon da Ya Fitar da Kofur Bulus

Har yau ban manta da ranar da aka sauke mana sababbin ƙahonin bas guda biyu a barikin 'yan doka na Birnin Kebbi ba. Shekarar samun 'yancin kai ce, damina ta kusa ɗaukewa. Ni Garba, lokacin ganga nake kaɗawa a badujala, ba ni da igiyar muƙami ko ɗaya. An ce za a mayar da ni bas.

Ku da ba ku yi aikin ba, bas shi ne ƙaton ƙahon tagulla da ake runguma a ƙirji, shi ke riƙe ƙasan kiɗa. Iri biyu ne. Bature na kiran ɗaya I-filat, ɗayan Bi-filat. Mu Ƙarami da Babba muke cewa. Madanninsu iri ɗaya ne, amma murya ta bambanta. Yatsan da zai ba ka sauti daidai a Ƙarami, in ka danna shi a Babba wani sautin zai fito. Mu kuwa ba mai karanta takardar kiɗa a cikinmu. A yatsa muke haddacewa.

Mai busa mana bas shi ne Kofur Bulus, Kirista daga ƙasar Filato, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, muna ce masa Baba Bulus. Tun yana saurayi Ƙarami yake busawa, har nasa ya tsufa yana yoyon iska. Abin da ya kamata a fili yake: a ba shi sabon Ƙarami, ni da yatsuna ba su saba da komai ba a ba ni Babba.

Amma a bariki akwai al'ada. In kaya suka zo, babba shi ke ɗaukar mafi girma, ko bargo ne, ko kwano. Saje Maikano, shugaban badujalarmu, ya nuna Babba ya ce, "Kofur, ga naka."

Baba Bulus ya ɗauka ya busa, ya saurara. Ya ce, "Saje, wannan ba muryata ba ce."

Saje ya ce, "Mi kake hwaɗi? So kake mu ratsa kasuwa, Garba da ƙaton ƙaho kai da ɗan tsito? Mutanen gari su ce an cire maka igiya?"

Wani daga baya ya ce, "Ko nauyin ne ya fi ƙarfin tsoho?" Aka yi dariya. Baba Bulus ya miƙa hannu. Ya rungumi Babba.

Bayan kwana biyu na same shi a gindin darbejiya yana fama da Babba. Na ce, "Baba, mu yi musaya, ni duk ɗaya ne a wurina." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, uwargida ta riga ta faɗa wa mata a coci cewa ni aka ba Babba."

Ya sake koyon kowane kiɗa daga farko, ga kuma sabon taken ƙasa. In muna tsaye a wurin gwaji yakan kama daidai, don yana tunani kafin ya danna. Saje ya ce ka gani, ba komai.

Sai aka kai mu Argungu a mota don faretin murnar 'yanci. Rana ta take, fili ya cika, har masunta sun baro kogi. Tafiya daban take da tsayuwa. Kana lura da ƙafa, da layi, ga nauyi a kafaɗa, ga Babba na cin iska fiye da Ƙarami. Muna isa gaban rumfar manya yatsun Baba Bulus suka koma inda suka saba. Ina gefensa, na ji kiɗan ya karkace daga ƙasa. Ya ji shi ma. Ya yi ƙoƙarin gyarawa ya ƙara ɓatawa. Daga nan ya bar busa, ya ci gaba da takawa da ƙaho a baki, shiru.

Wani sufeto da ya zo daga lardi ya tambayi Saje wa ya yi haka. Saje ya faɗi suna, bai faɗi dalili ba. Satin nan aka cire Baba Bulus daga badujala aka kai shi gadin ƙofar kurkuku, aka ce shekaru sun kama shi. Ƙarya ne. Da Ƙarami a hannunsa da ya ƙara shekaru yana busa. Bai kai rani ba ya ajiye aiki ya kwashe iyalinsa. Ban sake jin labarinsa ba.

Ni aka miƙa wa Babba. Da shi na yi aiki har na yi ritaya ina Saje.

Abin da na gani ke nan. Ƙaho ba ya sanin muƙami, hannun da ya saba da shi kawai ya sani. Mu kuwa masu kaki gara mu faɗi a gaban jama'a da a ce mun ragu. Shi ya sa da na zama shugaba, duk mai busar da aka kawo mini ba na duban igiyar da ke kafaɗarsa. Sai in ajiye ƙahonin a ɗaki, in kori kowa waje, in ce ya zaɓa.