Sunan da Ya Yi Kwana Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kasuwar ƙauyenmu da sassafe ya san Inak Marni, in bai san sunanta ba ya san hayaƙinta. Shekara ashirin da 'yan kai tana zaune gindin mangwaron da ke gaban masallaci, tana toya wainar shinkafa da madarar kwakwa a kaskon ƙasa, ta zuba mata narkakkiyar mazarƙwaila ta naɗe a ganyen ayaba. Ni ce mai busasshen kifin da ke gefenta, Inak Johar. Ni bakina ba shi da linzami, ita kuwa sai ta wuni ba ta yi magana goma ba, shi ya sa zamanmu ya daɗe.

Sunanta na yanka Senimah, shi ne a katinta na ɗan ƙasa. Amma a nan tsibirinmu na Lombok wa zai kira wanda ya haihu da sunan yanka in ba rashin kunya ba? Ranar da aka raɗa wa 'yarsu suna Marni ita ta zama Inak Marni, wato uwar Marni, mijinta Durahim ya zama Amak Marni, uban Marni, sunayensu na da suka bi ruwa. Kowa ya san ta taɓa wani gajeren aure can ƙauyen kan tudu da wani mai suna Mahrip, auren ya mutu, ta gangaro wajenmu. Iyakar abin da muka sani ke nan. Aurenta da Durahim kuwa liman ne ya ɗaura a masallaci da shaidu, babu takardar gwamnati, kamar na rabin mutanen ƙauyen.

Amak Marni mai gashin taba ne, shi ke tsaron wutar rumbun da ake busar da ganye. Mutum ne mai in'ina, irin wadda in ya kama kalma sai ka ji tausayinsa ya kama ka. Burinsa ɗaya a duniya, ranar auren Marni ya riƙe hannun ango ya faɗi kalmomin bayarwa da bakinsa, tiryan-tiryan, ba tare da ya sarƙe ba. Tun yarinyar tana aji uku na sakandare yake gwaji. Sai ya kama hannun mijina a bakin rumbu ya fara, “Na au... na au... na aurar maka...” Mijina ya ce, “Amak, in ka ƙara aurar mini da ita sau ɗaya wallahi zan kawo lefe.” Su yi ta dariya, gobe ma a sake.

Wata Laraba bayan magariba Suhaili mai gyaran babur ya sace Marni zuwa gidan kawunsa, kamar yadda duk saurayi mai mutunci yake yi a al'adarmu in yana son aure. Ita da kanta ta haɗa jakarta tun da rana. Bayan kwana uku manzannin dangin ango suka zo da sanarwa, aka yi murna, dangin ango suka tsayar da rana, mako uku. Yarinyar da aka sace ba ta komawa gidan ubanta sai da igiya a kanta, kuma ba a barinta ta daɗe a gidan mutane babu aure, bakin duniya ba zai bari ba.

Sai jami'in aure na gwamnati ya ce a kawo littafin auren iyaye, tunda 'yar fari ce. Babu. Ya duba takardar haihuwar Marni, sunan uwa ne kaɗai a ciki.

“Ba ni na ce ba 'yarka ba ce, Amak,” in ji shi. “Ga hancin nan kowa ya gani. Takarda ce ba ta sani ba. Ku je kotun addini ta tabbatar da aurenku. Amma kafin ta saurare ku sai Inak ta kawo kwafin takardar sakinta na fari, mai hatimin kotu, don a ga ba matar wani ka aura ba. In ba a samu ba kafin ranar, ni zan zama waliyyi.”

Amak Marni ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ya sa hularsa ya fito.

Inak Marni ba ta iya karatu ba, ni kuwa na gama firamare, don haka ni na rufe kifina na raka ta babban gari. A tagar kotu wata yarinya mai tabarau ta tambayi suna. Ta ce Senimah. Aka buga a na'ura, babu. Ta ce Inak Marni, babu. Yarinyar ta ce shari'o'in wancan lokacin ba duka aka shigar ba, suna cikin manyan littattafai a ɗakin ajiya, mai makullin kuma sai Litinin.

Litinin muka koma. Wani dattijon akawu ya fito da littattafai uku masu warin ɓera, ya bi da yatsa layi-layi. Mahrip ya samu har guda shida, amma babu wanda ya saki Senimah. Nan fa na tashi. Na ce masa gwamnatin da ke iya gano mu ranar zaɓe har cikin gonar taba, yau ta kasa gano mace guda a littafinta? Na ce in idonsa ne ya mutu ya ba ni in duba. Mutane suka taru. Bawan Allah bai yi fushi ba, ya ce, “Inak, ni abin da aka rubuta nake karantawa. Ko dai ba a kotu aka yi sakin ba?”

“A kotu aka yi,” in ji Inak Marni. “An kawo mini takardar.”

“Tana ina?”

“Ta ɓata.”

Kwana tara muka ɓatar a haka. Zuwa na uku, ranar Alhamis, muna zaune bakin katangar kotu muna cin shinkafa a ganye kafin a buɗe taga, na ga ba ta ci. Na ce, “Yaya, in kina ɓoye wani abu ki fito da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mijinki ya daina cin abinci, kin sani.”

Ta ture ganyen gefe. Sannan ta ce, “A ce wa akawun ya duba Inak Sahdan.”

Na ce waye Sahdan.

“Ɗana ne.”

Shekara ashirin muna zaune kafaɗa da kafaɗa ban taɓa ji ba. Ta haife shi a gidan Mahrip tana da shekara goma sha tara. Ranar bakwai aka kashe wutar jego aka raɗa masa suna, ta zama Inak Sahdan. Kwana goma sha ɗaya aka kira ta da sunan, sai zazzaɓi ya ɗauke yaron. Mutanen ƙauyen suka koma ce mata Senimah don kada su fama mata ciwo. Da Mahrip ya tashi tafiya Malesiya aikin kwakwar manja, ya je kotu ya sake ta, ya ba da sunan da yake ganin shi ne na mutunci, Inak Sahdan. Mai unguwa ya kawo mata takardar, ya karanta mata a tsakar gida da ƙarfi. Tana jin sunan ta karɓa, yana fita ta cusa ta ƙarƙashin kasko.

“Da ita na toya wainar ranar,” ta ce. “Tun daga nan ban sake faɗin sunan ba sai yau. Na ɗauka za su same ni da wani sunan.”

Na so in rufe ta da faɗa, wallahi na so, kwana tara fa. Amma da na kalle ta sai na fasa. Kuka na yi, ita ba ta yi ba.

Akawun bai yi minti biyar ba ya samu. Ya juyo littafin ya nuna mini, ga shi ɓaro-ɓaro. Na ce alhamdulillahi, a buga mana hatimi mu tafi. Ya karɓi katinta ya duba, ya girgiza kai.

“Littafi ya ce Inak Sahdan, kati ya ce Senimah. Ba zan ba Senimah takardar wata ba. Ku kawo wasiƙar dagacin ƙauyen da aka yi auren, da shaidu biyu, cewa mutum ɗaya ce.”

Na ce ga ta nan tsaye a gabanka, ko biyu kake gani? Ya ce shi ɗaya yake gani, amma wanda zai sa hannu a sama ba zai gan ta ba, takarda zai gani.

Asabar muka hau 'yan acaɓa zuwa kan tudu. Dagacin yaro ne, lokacin da abin ya faru yana firamare. Ya karɓe mu da kofi, ya ce a kawo shaidu ya rubuta. Muka shiga gida-gida. Ungozomar ta rasu, mai unguwar da ya karanta takardar ya rasu, uwar Mahrip ta rasu, Mahrip kansa tun da ya ƙetare ruwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tsofaffin da suka rage suka ce sun tuna Senimah matar Mahrip, mai shiru-shirun nan, amma Inak Sahdan? Suka yi ta kallon juna. Sunan da aka kira kwana goma sha ɗaya, shekara ashirin da huɗu baya, wa zai riƙe shi?

Mutum ɗaya muka samu, yayar Mahrip, ta makance. Ta shafa fuskar Inak Marni ta ce, “Uwar ɗan jaririn nan ce. Ni na ɗinka masa hula.” Shaida ɗaya ke nan.

Inak Marni ta ce wa dagaci ya biyo ta. Ta kai mu maƙabarta bayan gonar rogo, ba ta yi ko dube-dube ba, ta tsaya kan wani ɗan dutse da bai fi tafin hannu biyu ba, babu rubutu a jikinsa. Ta ce, “Ga na biyun.” Dagacin ya sunkuyar da kai. Ya ce a ba shi kwanaki ya nemi wani dattijo da ya koma wajen ɗansa a bakin teku, ko zai tuna.

Kwanakin ne ba mu da su. Amak Marni ya je da kansa ya roƙi kawun ango a ɗaga rana. Kawun ya ce an riga an sayi bijimin yanka, an gaya wa makaɗa, kuma mata sun fara ƙus-ƙus a bakin rijiya kan abin da ya sa uban yarinya ke jan ƙafa. Da gaskiyarsa. Marni ta aiko wa ubanta saƙo tana kuka cewa za ta jira ko shekara ce. Shi ya ce a'a, a ɗaura.

Aka ɗaura a masallacin ƙauyen ango. Amak Marni ya ɗaura sabon zane irin na mazanmu da ya saya tun bara ya ajiye, da baƙar hula. Wurin da ya kamata ya zauna, gaban ango gwiwa da gwiwa, jami'in aure ne a ciki. Shi yana sahu na biyu tsakanin 'yan gayya. Ina daga ɓangaren mata, ta ramin labule nake hango shi. Da jami'in ya kama hannun Suhaili ya fara, sai na ga leɓen Amak Marni yana motsi, yana bin kalmomin a hankali, hannunsa na dama a buɗe kan gwiwarsa. Tun daga “na aurar maka” har zuwa sadaki bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Ni kaɗai na gani, kuma da ban gani ba da ya fi mini.

Wasiƙar dagaci ta iso bayan biki da kwana shida, dattijon bakin teku ya tuna. Muka kai, aka ce mu dawo mako mai zuwa. Muka dawo, akawun ya miƙo takarda ɗaya mai hatimi shuɗi da sa hannu, ya ce yanzu sai mu shigar da batun tabbatar da aure. Na tambaye shi ko hakan zai canza abin da aka rubuta a littafin auren Marni, wurin waliyyi. Ya ce wannan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A tsakar gidansu na karanta musu. Amak Marni yana zaune yana feƙe tsinken jera taba. Da na zo kan sunan ya ɗago.

“Wa... waye Sahdan?”

Ta gaya masa, a taƙaice kamar yadda ta gaya mini. Bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Ya ce, “Da kin faɗa mini tun fari, ai da ni ma na ri... riƙa kai masa ziyara.” Ya tashi ya tafi rumbu. Ba su shigar da batun tabbatar da auren ba har yau. Ya ce me za a tabbatar, abin da yake nema an riga an yi shi babu shi.

Tun daga ranar in aka ce Amak Marni ba ya juyowa. Ya gaya wa mutane su kira shi Durahim, dattijo mai furfura ana kiransa kamar yaron da bai yi aure ba. Mijina ya taɓa miƙa masa hannu da wasa irin na da, ya kalli hannun ya wuce. Marni na zuwa da cikinta ta durƙusa ta gaishe shi, yana amsawa, yana sa mata albarka, amma ba ya haɗa ido da ita.

Inak Marni tana nan gindin mangwaro. Wainar ta kan ƙone yanzu, abin da ban taɓa gani ba. Takardar da ba ta yi mata amfanin komai ba tana cikin leda, a cikin gwangwanin da take ajiye canji. In kasuwa ta lafa sai ta fito da ita ta shimfiɗa a cinya, nesa da wuta, ta ce, “Inak Johar, nuna mini wurin.” In ɗora yatsanta a kan layi na huɗu. A duk abin da ta mallaka nan kaɗai aka rubuta sunan yaron. Jiya ma na nuna mata, duk da na san ta riga ta haddace wurin.