Layin Ɗinki Uku a Wandon Baba

Ina cikin yi wa Baba gugar wandonsa na zuwa shago tsoro ya fara kama ni. Na juya wandon don in bi ta ciki, sai na ga layin ɗinki uku a ƙugun, ɗaya bayan ɗaya. Na farko da baƙin zare, na biyu da ruwan toka, na ukun sabo fil, ko wanki bai sha ba. Na jawo wani wandon, haka. Na juya rigunansa biyu, su ma an tsuke su ta gefe. Ban san lokacin da dutsen guga ya ƙona zanen da na shimfiɗa ba.

Baba tela ne. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a shago ɗaya, a ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene, kusa da mai gyaran agogo. Gyaran kaya ya fi yi a kan ɗinka sabo. Da ido yake auna mutum kafin ya ɗauko tef. In ka rame, shi zai fara gaya maka, ya tambaye ka ko an daina dafawa da kai a gida. In ka yi ƙiba, ya ce ka tausaya wa maɓalli. Kuma in ya rage wa mutum kaya ba ya yanke rarar yadin, naɗe ta yake yi a ciki, ya ce jiki yana dawowa.

Da keken ɗinkinsa ya kai ni jami'a, na karanta kimiyyar halittu. Tun shekarar farko yake kirana Likita, duk da na gaji da gaya masa ba likitanci nake karantawa ba.

Bara, da ya fara barin rabin abincinsa a kwano yana cewa ya ƙoshi, Mama ta tambaye ni ko lafiya. Ni kuwa ga ilimi da ɗuminsa a kai. Na zaunar da su na yi musu bayani: jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana rabuwa biyu don ta maye gurbin wadda ta mutu. In shekaru suka ja, sai su gaji, rabuwar ta ragu, rauni ya daɗe bai warke ba, cin abinci ya ja baya. Na ce tsufa ne kawai. Baba ya yi dariya, ya ce wato zarensa ne ya kusa ƙarewa. Hankalin Mama ya kwanta.

Sauran bayanin yana babi na gaba a littafinmu, har jarrabawa na ci a kansa. Duk rabuwa kuskure kan shiga, kurakuran su yi ta taruwa da shekaru, har wata ƙwaya ta ƙi tsayawa, ta yi ta hayayyafa tana cinye rabon 'yan'uwanta. Shi ne ciwon daji, kuma mai shi yakan rame. Abin ya zo mini a rai. Amma na dubi Baba na ga kayansa sun zauna masa cif kamar kullum, gemu kuma ya rufe kumatu.

Ranar gugar nan na same shi a shago da wandon a hannuna. Ya tambayi wanda ya aike ni juya masa kaya. Ya ce in tela ya fito wando na zame masa, wa zai ƙara kawo masa aiki? Na tambaye shi nawa ya rage wa wandon. Inci shida, in ji shi, cikin wata takwas. Na ce me ya hana shi faɗa.

"Ai ke kika ce tsufa ne, Likita," ya ce, bai ɗago daga keken ba. "Ni yadi na sani. Ke kika san jiki."

A asibiti, likitan ya tambayi yaushe ramar ta fara. Mama ta ce ita ba ta lura ba. Baba ya lissafa masa, wata da inci, bai yi gargada ba. Likitan ya ajiye biro ya tambayi wanda ya ce mana tsufa ne. Na buɗe baki, Baba ya riga ni, ya ce babu kowa, shi ya ɗauka haka. Da ya bar ni na faɗa da ya fi mini sauƙi.

Suka zura masa siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro, suka ga ƙari a tumbinsa, suka gutsuro ɗan nama suka aika ɗakin gwaji. Na san abin da za a duba a jikin ƙwayoyin nan, na taɓa zana shi aka ba ni maki.

Mama ba ta ce mini komai ba. Ta dai daina tambayata. Ko maganin tari ne, maƙwabciya take zuwa ta tambaya.

Baba ya koma shago. Jiya na ga zanen alli a ƙugun wandonsa, wurin layi na huɗu, amma bai ɗinke ba. Ya ce zai jira ya ji tukuna.

Sun ce sakamakon zai fito cikin kwana goma. Yau kwana takwas.