Kibiya mai kunne da katifar Sani

"Mai kunne ko mai santsi?" in ji Baba Illa maƙeri, ya baje mini kawunan kibiya a rumfarsa ta Gataa El Oued.

Kwanan nan na fara koyon harbi da baka. Na zaɓi mai kunne, don ya fi kwarjini.

Ya ce, "Ɗana, wannan na farauta ne. Shiga ya sani, bai san fita ba. Me za ka harba?"

Na ce, "Katifar Sani, abokin ɗakina. Ai yana wurin gini."

Harbin farko na samu tsakiya. Da na ja kibiyar, sai ta fito da soso kamar hanjin rago.

Yanzu Sani na kan katifata, ni ina tabarma. Jama'a, wa ya san mai ɗinkin katifa a Tamanrasset?